Turancin Bakin Kanal

Isiyaku ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma gonakinmu na rani suna manne da juna a bakin kanal ɗaya, gabas da Bunkure. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa, har yau da furfura ta cinye mana gemu ba mu daina ba. Saboda haka duk wanda ya ji wannan labari kada ya ce Iliyasu ya ci amana. Haƙƙina ne na taubashi, shi ma in ya samu nawa ba zai raga mini ba.

Babban ɗansa Mustapha ne, sunan mahaifin Isiyaku aka mayar masa. Ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan uba, sai kunyar ta zama biyu. Mu dai haka muka taso muka tarar: mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya nuna wa jama'a cewa ya damu da shi. Da yawanmu sama-sama muke yi, in yaro ya girma a sassauta. Isiyaku kuwa ya riƙe abin da hannu bibbiyu. Yaron nan har ya tsirar da gemu bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, sai dai "kai" ko "wannan". In kuma Isiyaku yana maganarsa da ƙanensa Hambali, sai ya ce "ɗanka". Lokacin da yaron yake kwalejin horon malamai a Kano, Isiyaku ne yake sayar da shinkafa yana yi masa komai, amma ta hannun Hambali saƙon yake bi. Hambali ne yake kaiwa, kuma shi ake durƙusawa a yi wa godiya.

Alhali ni na san abin da ke cikin Isiyaku. Duk 'ya'yansa babu wanda yake so ko rabin Mustapha. In yaron ya shigo gona, Isiyaku sai ya sunkuya kamar yana duba ganyen tumatir, amma ta ƙarƙashin hammata yake kallonsa.

Hambali daban yake da yayansa. Dillalin tumatir ne a Kwanar Gafan, baki a sake, in yana dariya har tumbinsa na rawa. A shekarar 2006 ya sayi wayar hannu irin mai 'yar fitila a ka, ya rataya ta a wuya da igiya kamar laya. Sai dai wayar ta zo masa da nata ciwon kan. Masu sayen tumatir na kudu, da can in sun zo ido da ido, da yatsu da 'yan kalmomi ake gama ciniki. Yanzu kuwa daga Anacha ko Ikko suke bugowa, kuma a waya ba a nuna yatsu. Hambali sai ya yi ta "yes, yes" har a kashe, bai san abin da ya amsa ba.

A ranin nan ne Mustapha ya gama karatu ya dawo gida yana jiran a ɗauke shi koyarwa. Da safe yana taya ubansa aiki, kowa a nasa ɓangaren gonar, ba mai ce wa wani uffan. Hambali ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Kullum in an idar da azahar sai ka jiwo babur ɗinsa a kan hanyar kanal, ya zo ya kafe shi a gindin mangwaron da ke kan iyakata da Isiyaku, ya shimfiɗa buhu, ya ɗaga murya ya ce, "Mustapha na Baffa, zo a buɗe makaranta." Sunan da Isiyaku bai taɓa furtawa ba, shi Hambali yake kira da iyakar ƙarfinsa har na ƙetaren kanal su ji.

Yaron ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Ba littafi, ba allo. Kalma ɗaya ko biyu yake ɗauka a yini, ya yi ta juya ta har sai ta zauna. Ranar da ya kawo "enough", fangalin shuka da ruwa ya cika ya nuna masa, ya ce in ruwa ya kai haka ita ake faɗa, wato ya isa. In ana zuba maka tuwo ka ga zai yi yawa, ita ce. In mai saye ya nace yana ta karya maka farashi, ita ce dai, amma ka sa dariya a muryarka, don in ka faɗe ta fuska a ɗaure faɗa ka jawo. Ya koya masa "ripe" na tumatirin da ya nuna, da "fresh" na wanda aka tsinko yau. Ya ja masa kunne kada ya ce kayansa "cheap" ne ko da araha yake nufi, domin wani zai ɗauka marar kyau ne, gara ya ce "good price". Da aka zo kan "please" kuwa, ya ce ita ake sawa a gaban duk wata buƙata, kuma masu harshen ko ɗan cikinsu za su aika sai sun faɗe ta.

Daga cikin fangali Isiyaku ya ja tsaki, ya juyo wajena, ba wajensu ba, ya ce ashe shi ya sa 'ya'yansu ba sa jin magana.

Hambali ɗalibi ne da ba ya jin nauyin kuskure. Zai karkace baki ya yi wa kalma kisan gilla, Mustapha ya riƙe ciki don dariya, su tafa, a sake. Wani lokaci har yaron ya dafa kafaɗarsa. In Hambali ya zo da gurasa da ƙuli, a takarda ɗaya suke ci. Duk wannan Isiyaku na nan kusa, ya ba su baya, yana aiki. Ban taɓa ganin ƙasa ta sha gyara irin wanda ɓangaren da ke kusa da mangwaron nan ya sha a ranin nan ba. Ciyawa ba ta isa ta leƙo kai ba. Can ƙarshen gonar kuwa, inda murya ba ta kaiwa, ciyawa har ta fara shaƙe tumatir.

Kishi ne, ba shi da wani suna, kuma ban taɓa sanin namiji zai yi kishin ƙanensa a kan ɗan cikinsa ba sai a kan Isiyaku. Da ƙananan abubuwa ya fara. Da ya jiwo ƙarar babur sai ya tuna an manta taki a gida, ya ce, "Kai, je ka ɗauko." Yaron ya je ya dawo, ya tarar da Hambali kwance yana jira, a ɗora daga inda aka tsaya. Sai Isiyaku ya koma cewa inuwar mangwaron nan ce take hana tumatirinsa girma, zai sa a sassare rassan. Na tuna masa mangwaron nawa ne, kuma gwaggonsa da ta haife ni ce ta dasa shi da hannunta. Ya ce da ma duk abin da ya fito daga gidanmu ba shi da amfani sai cin wuri.

Asirinsa ya tonu ne ranar ban ruwa. Ruwan kanal bi da bi ake shan sa, in ya zo layinku ba a wasa. Tiyo muke amfani da shi, lanƙwasasshen bututun roba: ka nitsa shi a kanal ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka ja shi ya tsallake gaɓa, ka saki, ruwa ya biyo. Isiyaku ya jera nasa, ruwa ya kama gudu. Sai ga Hambali. Ranar a kan "busy" ake, yadda za ka gaya wa wanda ya bugo cewa kana da aiki ba tare da ya ji haushi ba. Isiyaku ya ɗauki fartanya ya lallaɓa gefen mangwaro, ya shiga noman wurin da babu ko ƙwayar ciyawa, ya manta da tiyo. Tumatir kuwa ba shinkafa ba ne, ba ya son zama cikin ruwa. Ban ankara ba sai da ruwan ya cika masa fangaloli, ya karya iyaka, ya shigo mini cikin albasa.

Na ƙwala masa kira. Ya zabura ya nufi kanal a guje, riga na kaɗawa, ni ma na bi shi don mu cire tare. Yana fizge tiyo ɗaya bayan ɗaya, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Mutumin nan da ya ce Turanci surutun banza ne, cewa yake yi, "Enough, enough."

Na ce, "Au, ashe makarantar da ɗalibi na biyu, wanda ba ya biyan kuɗin Laraba."

Ya ce in na kuskura wani ya ji sai ya tura ni kanal.

Daga ranar bai ƙara ɓoye mini ba. In mun hau kekunanmu za mu gida, a hanya zai yi ta maimaita abin da ya tsinta, yana gwada shi a kan duk abin da muka wuce. Ya ga mai rake ya ce "fresh", ya ga jaki ya ƙi tafiya ya ce masa "please". Kuma Allah ya ba shi kai fiye da Hambali nesa ba kusa ba. Kalmar da Hambali zai yi kwana da kwanaki yana taunawa, shi ji ɗaya yake yi mata. Maimakon hakan ya sanyaya masa rai, sai ya ƙara hura wutar. Yakan ce dubi yadda yaro yake ɓata yawunsa a kan dutse, da wani ake koya wa da tuni an sauke. Ba ya taɓa faɗin wane ne wanin.

Wata rana ana tsakar darasi wayar Hambali ta yi ƙara. Wata mata ce daga Anacha, mai sayen kaya da yawa, wadda ya jima yana so ya riƙe. Ya miƙa wa Mustapha wayar, yaron ya noƙe kafaɗa ya ce shi ba ruwansa, yau Baffa ne da kansa. Hambali ya miƙe tsaye, zufa na keto masa, ya shiga harhaɗa 'yan kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya mata kaya sun nuna, yau aka tsinko, farashi mai kyau ne. Da ta fara ja masa rai ya yi dariya ya ce mata ya isa. Aka rabu a kan mota guda. Yana kashe wayar Mustapha ya tashi ya riƙe masa hannu biyu, fuska cike da murna, ya ce, "I am proud of you, Baffa."

Na saci kallon Isiyaku. Fartanyar ta tsaya a sama, bai sauke ta ba.

Bayan la'asar ya same ni ina ɗaure buhu. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi albasata, ya tambayi ƙafata da take ciwo, abin da bai saba ba. Can ya maimaita mini maganar nan tiryan-tiryan, ko kalma bai yar ba, ya ce yana so in tambayo masa ma'anarta, amma kamar ni nake son sani. Na ce ga mai maganar can yana wanke ƙafa a kanal, ya taka ya tambaye shi mana. Ya yi mini wani kallo, na ga ba wasa a ciki, na tafi.

Mustapha ya gaishe ni a ladabce, ya ce ai "ina alfahari da kai" ke nan, Baba Iliyasu. Ya ce ba kowa ake gaya wa ba, sai naka na jiki. Kamar uba ya ga ɗansa ya yi abin kirki, ko ɗa ya ga ubansa ya yi abin da ya faranta masa, sai ya faɗa masa a gaban idonsa. Na dawo na sauke wa Isiyaku kamar yadda na ɗauko. Da na sani da na rage wani abu a hanya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, a kaina ya huce. Ya ce ni munafuki ne, na ji daɗin kawo masa, har wani murmushi nake yi. Sai da ya gaji ya zauna a kan gaɓar kanal, sannan ya ce:

"Ni na yi rainon iri, ni na dasa, ni na yi ban ruwa. Ranar tsinka sai ga Hambali da kwando."

Tausayinsa ya kama ni, na ajiye taubasantaka a gefe. Na ce zamani ya canza, har malamai a masallaci suna cewa mutum ya ja ɗansa a jiki. Ya kira yaron ya zaunar da shi, ko da sunan koyon Turancin ne. Ya ce shi, da furfurarsa, ya zauna gaban wannan yana ce masa maimaita? Mutane su ce me? Mahaifinsu har ya koma ga Allah bai taɓa cin abinci a inda babban yayansu yake ba, kuma ba a ce ba ya son sa ba. Na ce to ai shi yayan nasu ba mu tambaye shi yadda ya ji ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya bar ni a wurin.

Da kakar tumatir ta yi nisa, sai magana ta fara yawo cewa Hambali yana son ya tura Mustapha Ikko, ya zama wakilinsa a babbar kasuwar kayan gwari, yana karɓar motoci yana magana da masu saye. Isiyaku ya ji a bakin mutane. Ya same ni yana huci, ya rantse ba zai yarda ba. Shi burinsa a ɗauki yaron koyarwa a firamaren garinmu, wadda hanyarta ta bi ta ƙofar gidansa, ko ba komai kullum safiya ya gan shi ya wuce. Ya ce Hambali ya ƙwace masa shi da rana a gona ya yi shiru, amma ba zai ɗauke shi daga garin gaba ɗaya ba. In ya zo zai ce masa a'a, ko duniya za ta taru. Na ce Allah ya sa in ji da kunnena.

Na kuwa ji. Ranar Juma'a bayan an sauko, Hambali ya zo zauren yayansa da goro, muna zaune da wasu dattawa. Ya tsuguna ya yi bayani dalla-dalla, ya ce bai yanke komai ba sai abin da Yaya ya ce. Ina kallon babban yatsan ƙafar Isiyaku yana tonon tabarma. Kowa a wurin ya san amsar da ake bayarwa in ƙane ya nemi ɗa a wajen yayansa, balle ɗan fari, balle a gaban mutane. Wanda ya hana, an ce ya nuna son kai, ya raba zumunci, ya ce ɗansa nasa ne shi kaɗai.

Isiyaku ya ce, "Ɗanka ne. Me za ka tambaye ni a kai?"

Hambali ba mugu ba ne, ya ɗan ji wani abu a muryar. Ya ce, "Yaya, in da magana ka faɗa. Wallahi sai in nemi wani."

"Na ce ɗanka ne."

Dattawa suka yi ta sa albarka, suna cewa haka ake son zumunci, irin su Isiyaku sun yi ƙaranci. Aka raba goro. Nasa yana hannunsa har aka watse bai kai baki ba.

Ranar tafiya Isiyaku bai je Kwanar Gafan rakiya ba, don uba ba ya raka ɗan fari. Sammako ya yi ya tafi gona. Mustapha ya biyo shi can da jakarsa, ya tsuguna daga nesa, kai a ƙasa, ya ce zai wuce. Isiyaku bai juyo ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a riƙe salla. Yaron ya ɗan jima a tsugune kamar yana jiran ƙari, sannan ya tashi ya zo ya yi mini sallama, ya hau bayan babur ɗin Hambali. Bayan sun tafi Isiyaku ya hau gaɓar kanal ya tsaya ya daɗe, ya ce mini ruwa yake dubawa ko ya ragu.

Gindin mangwaro ya koma shiru, ciyawa ta samu sakewa. Mustapha bai riga ya sayi waya ba, wajen masu laima na bakin titi yake zuwa ya biya ya bugo wa Hambali, su yi maganar kaya. Saboda haka duk labarinsa a wuyan Hambali yake rataye. Wannan ya fi komai ci wa Isiyaku rai. Kullum safiya, kafin ma ya amsa gaisuwata, sai ya ce, "An ji daga mutanen Ikko?" In ce ga mai waya can, uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ka tambaye shi. Ya ce shi ba zai je ya roƙi Hambali labarin abin da ya haifa ba, ya ƙara masa girman kai. Sai dai ni in je in tambaya kamar don kaina, in kawo masa: ya samu ɗaki, ya yi zazzaɓi ya warke, abincinsu bai karɓe shi ba. Ya sa na rantse ba zan gaya wa Hambali wanda yake aiko ni ba. In kuwa Hambali da kansa ya zo ya fara ba shi labari, sai ya katse shi da zancen tsadar taki ko tsutsar da ta shiga tumatir. Hambali ya gwada ya gwada, ya haƙura.

Wata ranar da yamma, rana ta yi sanyi, ruwa yana layinmu, Hambali ya biyo ta gona. Yana tsaye a kan gaɓar kanal, inda sabis ya fi kamawa, wayar ta yi ƙara. Mustapha ne. Suka gama maganar motoci, sai Hambali ya miƙo wayar ya ce, "Yaya, ga shi ku gaisa."

Isiyaku yana sunkuye a kan tiyo. Ya ce, "Ka ce ina amsawa."

Hambali ya dube ni, ya girgiza kai, sai ya danna abin da ke sa murya ta fito fili, don ko yayansa bai karɓa ba ya ji muryar ɗansa. Muryar ta fito tar, da hayaniyar motoci a bayanta. Na ga bayan Isiyaku ya sandare. Yaron ya tambayi mutanen gida, ya tambayi gona, ya ce a gaida Baba Iliyasu. Sai ya juya harshe zuwa Turanci. Na tabbata don kada wanda yake kusa ya gane ne. Ni ma zaman gindin mangwaro bai bar ni haka ba, na tsinci abin da ya ce.

"Baffa, does he ask about me?"

Wai yana tambayata kuwa?

Hambali ya kalli bayan yayansa. Dillali ne, ya iya gyara magana a kasuwa, amma bai saba yi wa yaron nan ƙarya ba, kuma Turancinsa bai kai na kwana-kwana ba. Iyakar abin da ya sani shi ya faɗa. Ya rage murya ya ce, "No. Not yet." Wato a'a, tukuna dai.

Can yaron ya ce, "Okay. No problem." Muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

Isiyaku ya miƙe tsaye, tiyo a hannunsa yana zubar masa da ruwa a ƙafa. Bai juyo gaba ɗaya ba, rabi ya juyo. Bakinsa ya motsa magana ba ta fito ba, ya sake motsawa. Sannan ya ɗaga murya ya ce:

"Every day."

Kullum, in ji shi. Ban san inda ya ajiye wannan ba, ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Hambali ya saki baki yana kallonsa, sannan ya dubi wayar. An riga an kashe. Ya yi maza ya bi lambar, wata mata ta ɗauka, mai laimar ce, ta ce wanda ya yi kiran ya biya ya tafi, ya shiga cikin kasuwa.

Muka tsaya mu uku, ruwa na ta gudu a fangali. Hambali ne ya fara motsi. Ya sauko daga gaɓar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, ashe kana ji. Ashe duk kana ji. Ka yi haƙuri, ban sani ba. Da ya sake bugowa wallahi zan gaya masa, kalmar farko ke nan."

Isiyaku ya dube shi ido cikin ido. Na yi zaton zai sauko, don na ga abin a fuskarsa. Sai ya ce, "Ba ta bakinka zai ji ba."

Hambali ya ce to in yaron ya bugo, Yaya ya karɓi wayar da hannunsa, ko zai kawo masa ita har ɗaki, ya fita ya ba su wuri. Isiyaku ya koma bakin kanal ya tsuguna, ya nitsa tiyon a ruwa, ya toshe da tafin hannu ya ja. Bai toshe da kyau ba, iska ta shiga, ruwan ya ƙi biyowa. Ya sake nitsawa.